Jan Zare a Tef ɗin Kawu Manu

Duk wanda ya san Kawu Manu Tela ya san tef ɗin nan nasa. Ruwan ɗorawa ne, ya koɗe har lambobin farko sun goge, kullum yana rataye a wuya. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa ɗaurin aure, kai, da shi a wuya aka kwantar da shi aka cire masa haƙori. Ya fi shekara goma da rufe shagonsa na Nasarawo, amma tef ya ƙi ritaya. Da riguna suka ƙare sai ya koma kan kujeru.

Kun dai tuna zubinsa, dogo siriri, ƙafafu kamar an ƙara masa da na wani. Ba zai zauna a kan komai ba sai ya ce, "Tsaya in auna." Benci ne, kujerar roba ce, keke ne a bakin titi, duk "tsaya in auna". Ni Hajara na fi kowa shan wuyar wannan magana, don ni ce 'yar ƙanwarsa da ta tashi a gabansa a unguwar Malam Inna. Ni ce 'yar rakiya, daga baya kuma ni ce direba. Ga ni da gajen haƙuri, wannan ba sai na faɗa muku ba.

Ba na manta ranar da za mu ta'aziyya Kumo, tun ban yi mota ba. Muka je tasha a Bolari, ɗan kamasho na ta ihu saura mutum biyu. Kawu ya leƙa kujerar baya, ya zare tef, ya shimfiɗa shi a kan cinyoyin bayin Allah uku da ke zaune.

"Baba, lafiya?" in ji ɗan kamasho.

"Wannan kujerar mutum uku aka yanka wa."

"Huɗu muke sawa, Baba."

"To na huɗun a ina za ku ɗinka shi?"

Mota ta kwashe da dariya. Wata mata mai jiki ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Baba, faɗa musu!" Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Mota biyu suka cika suka tashi muna tsaye a rana, sai a ta uku ya sami gaba shi kaɗai. Muka isa Kumo an naɗe tabarmi, an watse. Na ce, "Ka gani ko, Kawu? Mun makara!" Ya gyara hula ya ce, "Mamacin kika ga yana sauri?"

To wannan duk dariya ce. Abin da ba dariya ba shi ne ƙafar Dada, matarsa. Ta zame a banɗaki ta karye, aka yi ɗori, aka je asibiti, ƙashi ya kama amma gwiwar hagu ta sandare a miƙe. Tana dogarawa da sanda a tsakar gida, amma keke ya gagare ta, mota ta gagare ta. Yayarta kuwa, Adda Jummai, wadda ta goye ta bayan rasuwar uwarsu, tana can Dukku ta tsufa, ido ya tafi. Shekara uku ba su haɗu ba. Sau ɗaya muka gwada a 'yar motata. Gaba ƙafar ta ƙi shiga ta ƙofa, baya muka cusa ta a karkace, bayanta jingine da murfi. Ba mu fita daga Malam Inna ba ta ce mu koma, ƙugu ya riƙe. A zaure ta fashe da kuka. Kawu na tsaye yana kallonta.

Kun san gidanmu da kunya irin ta Fulani. Kawu bai taɓa kiran sunan matarsa ba, "ta ciki" yake cewa. Ɗansu na fari, Hamma Bello da ke aiki Abuja, ko kallon idonsa ba ya yi, sunansa "wancan". Dada ma haka, ɗan fari ba a yi masa magana kai tsaye, balle a roƙe shi. Duk zancen gidan ta bakina yake bi. Ni ce wayarsu tun kafin a kawo salula.

Washegarin ranar kukan nan Kawu ya kira ni, ya cire tef daga wuyansa ya miƙo. Ban taɓa ganin wuyan nan tsirara ba.

"Je ki auno min ta ciki. Ta zauna ta jingina, daga baya zuwa diddige."

"Kawu, ɗinkin mata ka koma?"

"Wuce, sarkin surutu."

Na auno, inci arba'in cif. Ya ɗauko allura da jan zare ya yi ɗan ƙulli a kan arba'in ɗin, ya datse da haƙori. Ya ce, "In na ji wannan magana a bakin wani, ni da ke ne."

Daga ranar ban sake hutun Asabar ba. Duk inda ake sayar da mota a Gombe mun je, duk garejin da ya ji labari mun leƙa. Ya buɗe baya, ya ja tef, ya girgiza kai, mu wuce. Masu motoci har sun gane mu, da sun hango ni sai su ce, "Ga mai awo nan ya zo." Kuma duk Juma'a sai an bugo daga Dukku, a kara wa Adda Jummai waya a kunne, ta ce, "Wai yaushe za ku kawo min ita? Ko sai na tafi?" In na ji wannan sai in kasa zaune in kasa tsaye.

Labari ya kai Abuja, wai Baba na yawo gari yana auna motoci. Hamma Bello, Allah sarki, sai ya ɗauka tsohonsa ne yake neman inda zai miƙe dogayen ƙafafunsa. Bai tambayi kowa ba. Sai ga shi wata Laraba da jif mai lantarki, baƙa wuluk, sai sheƙi take. A bayan babbar mota aka ɗauko ta, don cajinta ba zai kawo ta Gombe ba. Unguwa kaf ta fito kallo.

Kawu ya dubi sama ya ce min, "Tambayi wancan, ba ta da lafiya ne aka goyo ta?"

Aka sauke ta, Hamma ya shiga, ta silalo ƙofar gida shiru.

"Ce masa ya tayar da ita mana mu ji."

"Ai a kunne take, Kawu."

"A kunne? Ba tari ba atishawa? Wannan ai sai ta take akuya, akuyar ba ta da labari."

Ni dai tsakani da Allah, da na shiga na zauna ban so fita ba. Kujera ta fata, laushi kamar me, sanyi na ratsa ka ta ko'ina, ba ƙara ba warin mai. Ka taɓa maɓalli kujera ta tafi da kanta, ka taɓa wani ta kama matsa maka baya. Hamma ya ja kujerar gaba can ƙarshen baya saboda ubansa. Kawu ya auna, ya shiga, ya miƙe ƙafa. Wallahi a rayuwata ban taɓa ganin ƙafafun nan sun miƙe duka a cikin mota ba sai ranar. Na ga fuskarsa, ya ji daɗi har ya lumshe ido. Can sai ya fara mutsu-mutsu.

"Hajara, zazzaɓi yana kama mutum ta ƙasa?"

Ashe garin taɓe-taɓe ya kunna abin ɗumama kujera. A watan Maris! A Gombe! Ya diro yana karkaɗe riga. Hamma ya yi bayani wai don ƙasashen sanyi aka yi shi.

"Gaya masa mu nan muna da namu, Allah ya ba mu kyauta."

Sai ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, nan raha ta ƙare. Ya auna daga ƙasa zuwa inda ake taka ƙafa, ya yi tsaki. Tana da bisa, don batirin a ƙarƙashi yake shimfiɗe, mai lafiya ma sai ya ɗaga gwiwa ya hau. Ƙofar ba ta buɗewa sosai. Ya sa na tura kujerar gaba har ƙurya, ya kafa tef a jingina ya ja. Ina kallon jan zaren nan, yana lilo a waje. Saura inci uku. Ya sake, haka dai. Ya naɗe tef a hankali ya ce, "Ce masa an gode." Ya shige gida, ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Dada kuma daga bayan labule ta aiko ni in ce Allah ya yi albarka, mota ta yi kyau. Na ce, "Dada, ba za ki iya shiga ba fa!" Ta ce, "Rufe min baki. Yaro ya yi ƙoƙari." Oh ni Hajara! Kowa ya san gaskiya ban da wanda ya sayi motar, kuma ba mai faɗa masa. Ji nake kamar in fasa ihu.

Da sassafe Kawu ya ƙwanƙwasa min. "Tashi, Bolari za mu." Wurin Baba Yunana muka je, makanike, Batangale, abokinsa na shekara arba'in. Duk kayan Kirsimetin gidan Baba Yunana Kawu ne ya ɗinka, kuma ba su taɓa haɗuwa ba su yi faɗa ba. Ya aiko cewa an kawo masa wata 'yar bas ta sayarwa. Muka same ta a gindin dalbejiya, ruwan toka, 'yar Kwatano, mai ƙofar ja, ta sha duniya.

"Manu, kai fa ba ka da godiya," in ji Baba Yunana. "Ɗanka ya kawo maka amarya fil, ka zo neman bazawara?"

"Ja ƙofar, ka cika ni da surutu."

Ya ja, gefen mota ya buɗe wangamgam. Ƙasanta kusa, taki ɗaya ka shiga. Kujerun tsakiya biyu ne, kowacce zaman kanta take, da hannun jingina, kuma tana zamewa baya a kan ƙarfe. Yadi ne ba fata ba, ya ɗan koɗe, ba ta matsa wa kowa baya, ba ta gasa kowa. Kawu ya zame ta har ƙarshe ya auna, talatin da shida. Ya ce in tura kujerar gaba. Na tura har ta ce ƙas. Ya ja tef. Jan zare ya shige ciki, har da rarar inci biyu. Sau uku ya auna.

Baba Yunana ya leƙa ɗan abin da ya rage a gaba ya ce, "To nan wa zai zauna? Kyanwa ma sai ta naɗe wutsiya."

"Ni."

Baba Yunana ya zauna a kan taya yana dariya har da hawaye. "Kai? Kai da ka tsaya a tsaye bikin ɗiyata daga farko har ƙarshe wai benci ya yi maka gajarta?" Yana cikin dariyar idonsa ya sauka kan jan zaren. Ya dube shi, ya dubi kujerar tsakiya, dariyar ta ɗauke. Ya laluba aljihu ya miƙo min makulli. "Hajara, ku je ku gwada. Maza."

Haka motoci biyu suka tsaya a ƙofar gida, jif da 'yar bas, unguwa ta sake cika. Samari suna bayan jif, mata suna bayan 'yar bas, har ana neman cacar baki. Hamma Bello ya fito ya gani, ransa ya ɓaci, kuma ba laifinsa. Da yake shi ma ba ya iya fuskantar ubansa, sai ya huce a kaina.

"Hajara, wai me na yi? Sai da na yi la'akari da tsawon Baba kafin in saya. Jiya da idona na ga ya miƙe ƙafa. Wannan tsohuwar akwalar me ta fi ta da shi?"

Kawu yana kallon bishiya ya ce, "Gaya masa tasa ta fi kyau, ta fi laushi. Amma ta gaza da inci uku."

"Inci uku a ina? A ina, don Allah?"

Kawu ya ci gaba da kallon bishiya kamar yau ta tsiro. A safiyar nan kuma an bugo daga Dukku, kwana biyu Adda Jummai ba ta karɓi ko kunu ba. Abin ya zo min wuya. Da ma ni da Hamma abokan wasa ne, ɗan kawuna ne, ba kunya tsakaninmu.

Na ce, "Kai dai boko ya cinye maka kai! Wa ya ce maka ƙafar Kawu ake aunawa? Ta Dada ce! Shekara uku ba ta ga Addarta ba, matar na can tana jiran rai, ku kuna nan kuna kunya!"

Matan da ke wurin suka sunkuyar da kai. Kawu ya harare ni, hararar da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Hamma ya daɗe a tsaye, sannan ya tsuguna ya ce a hankali, "A ba ni tef ɗin." Na miƙa hannu in karɓa in ba shi kamar kullum. Kawu ya tsallake hannuna. Bai juyo ba, bai kalle shi ba, amma shi ya miƙa wa. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin wani abu ya fita daga hannun Kawu zuwa na Hamma ba tare da ya bi ta nawa ba.

Hamma ya auna jif ɗinsa, ya auna 'yar bas, ya riƙe jan zaren da yatsa biyu. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce, "Fito da ita."

Na fito da Dada tana ta faɗan na tona mata asiri. Ta dafa kujera, ta taka da ta dama, ta juya ta zauna, ƙafar hagu ta biyo ta salin-alin ta miƙe a kan ɗan matashin da Kawu ya riga ya ɗinka. Ta shafa hannun kujerar, ta dubi titi ta ƙofar da ke buɗe. Sai ta ce, "To me kuma muke jira?"

Ko azahar ba a yi ba muka kama hanyar Dukku. Hamma, babban mutum na Abuja, ya ƙule a kujerar can baya shi da buhun gero. Kawu kuwa ya naɗe kansa a gaba. Gwiwoyi sun tokare dashbod, haɓa ta kusa taɓa gwiwa, hula a cinya don ba wurinta. Duk ramin da na faɗa sai na ji ƙum.

"Kawu, in tsaya ka miƙe?"

"Tuƙa."

"To bari in ja kujerar ko inci ɗaya, ai akwai rara."

"Na ce ki tuƙa! Tambayi ta baya ko ƙafar na taɓa wani abu."

Dada na jinsa sarai, amma ni ta ba amsa. "Ce masa ba ta taɓa komai. Shi fa tasa?"

Ya gyara hular da ke cinyarsa. Can ya ce, "Ce mata tawa tana lanƙwasuwa."

Na ƙura wa hanya ido, don hawaye sun fara hana ni gani.

Mun same ta da rai. Ba zan iya ba ku labarin abin da ya faru a ɗakin nan ba. Adda Jummai ta yi ta shafa fuskar Dada tana kiran sunanta na yarinta, kuma a hannunta ta sha kunu. Da na fito sai na tarar Kawu na nan a mota, ƙafafu sun mutu, ya kasa fita. Sai da Hamma da wani maƙwabci suka zaro shi. Ya tsaya a duƙe yana dafe da murfi ya ce, "Wannan kujerar rabin mutum aka yanka wa."

Na ce, "To a komawa ka bar wa Hamma."

"Wa ya aike ki?"

Adda Jummai ta ƙara wata biyu a duniya. Kawu ya sayi 'yar bas ɗin, sau biyar muka koma a cikinta, kuma duk a kujerar nan ya zauna, bai taɓa yarda an motsa ta ba. Jif kuwa aka sake goya ta zuwa Abuja, tana can Hamma na jin daɗinta, har yau yana cika baki da laushinta, ni kuma ina tambayarsa ko ta gasa shi.

Da daminar bara Kawu ya kwanta, kwana huɗu, ya tafi. Da Dada ta fita takaba na ce ta zo mu je Dukku ta ga dangi. Wata maƙwabciya da za mu rage wa hanya ta buɗe gaba, ta ga matsi, ta kai hannu za ta ja kujerar baya. Dada, matar da ban taɓa jin ta ambaci mijinta a gaban mutane ba, ta ɗaga murya.

"Bar ta yadda ya bar ta."

Matar ta koma can baya. Dada ta buɗe jaka ta ciro tef ɗin, ta miƙo min ta ce in ajiye a kan kujerar. Yana nan har yau, da jan zarensa, kuma ba mai zama a wurin.

Allah ya jiƙan Kawu Manu, ya gafarta masa. Ya Allah, kai ka ga yadda bawan nan naka ya naɗe kansa don wata ta miƙe. Ka yalwata masa makwancinsa, ya miƙe dogayen ƙafafun nan har ƙarshe, ba sai ya auna ba. Amin.